Karena ya cika barci, ko haka naku ma suke?

Baban Hafsat, Aboabo

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga masu kare a gida. Shekara biyu ke nan da na karɓo wani kare a hannun abokin aikina a Suame Magazine, unguwar masu gyaran motoci ta Kumasi, bayan ɓarayi sun haura mana katanga sun yi gaba da batura biyu da janareta. Yanzu zai kai shekara uku. Makon nan ciwon ƙafa ya zaunar da ni a gida, sai na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Tun da aka sallame sallar asuba karen nan ya miƙe a gindin mangwaro, bai ɗaga ba sai wajen sha ɗaya. Ya sha ruwa, ya sake inuwa, ya koma. Maman Hafsat ta ce ai kullum haka yake, tuwon da muke ba shi ma asara ne. Na lissafa ya haura awa 12. Lafiya kuwa, ko rago aka haɗa ni da shi?

Abu Sawaba

Wa alaikumus salam. Baban Hafsat, bincika asalinsa da kyau, kada a ce jikan karen Ashabul Kahfi aka ba ka. Su shekara 309 suka yi, naka ko mako bai cika ba har ka fara ƙorafi.

Baba Mai Gadi, Tafo

Ɗana, ni da na shekara goma sha tara ina gadin dare bari in tare wa karen nan faɗa. Kai da rana ka gan shi. Da dare fa? Nima in ka zo gidana da hantsi haka za ka same ni, sheme-sheme a tabarma, ka ce tsohon nan ba ya da aikin yi. Akwai karyar da muka yi shekara shida tare a wata ma'ajiyar katako. Da rana ko ka tsallake ta ba za ta buɗe ido ba. Amma ƙarfe biyun dare, kafin kunnena ya ji komai, ita ta riga ta miƙe tsaye, gashin wuyanta a tashe. Ka raya dare ɗaya ka gani, sannan ka yanke masa hukunci.

Rukayya, ɗalibar likitan dabbobi a jami'ar KNUST, Kumasi

Baba Mai Gadi ya yi gaskiya. Babban kare mai lafiya yakan yi barcin awa 12 zuwa 14 a yini da dare. Ɗan kwikwiyo yana kai 18 zuwa 20, tsohon kare ma barcinsa yana ƙaruwa. Dalili kuwa, barcinsu ba irin namu ba ne da muke yi a dunƙule. Guntu-guntu suke yi, su farka, su koma, kuma rabon barci mai mafarki a wurinsu kusan kashi 10 ne cikin ɗari, mu kuwa 20 zuwa 25. Sannan ba duk kwanciya ce barci ba. Sau da yawa ido a lumshe yake amma kunne na aiki.

Abin da zan roƙe ka, Baban Hafsat, ka duba yadda yake tashi. In ka kaɗa kwanon abinci ko aka taɓa ƙofa, yana zabura? Yana cinye abincinsa? Ɗaga leɓensa ka ga dasashi, ya kamata ya zama ja-ja mai haske da damshi.

Hajiya Mariya, Asawase

'Yata Rukayya, Allah ya yi miki albarka, da na san maganar dasashin nan tun farko da ban sha wahalar da na sha ba.

Namu sunansa Dogo, marigayi maigidana ya bar mana shi. Dogo mai barci ne tun asali, shi ya sa da barcin ya ƙaru a daminar bara ban kawo komai a raina ba. Ina sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida, kuma kowace safiya da na ɗora kasko zai zo ya zauna can nesa kaɗan, yana jiran wanda ya ƙone in jefa masa. Shekara da shekaru bai taɓa fashi ba. Ran nan na soya kasko ɗaya, na soya na biyu, ba Dogo. Na aika jikana ya kai masa har bayan tanki. Yaron ya dawo ya ce, "Kaka, ya sunsuna kawai ya mai da kansa ƙasa." A nan gabana ya faɗi.

Wata maƙwabciya ta ce in jiƙa masa maganin ciwon jiki na mutane. Allah ya taimake ni ɗana ya hana. Da muka kai shi asibitin dabbobi, likita ya ɗaga leɓen, sai ga dasashi fari fat kamar takarda. Ya buɗe kunnuwa da tsakanin yatsu, kaska ce jingim, wasu sun sha jini sun yi ɓul-ɓul kamar wake. Ya ce zazzaɓin kaska ne, ya kuma ce maganin da aka so in ba shi yana iya lalata masa ciki da ƙoda. Kwana 28 muka yi muna tura masa ƙwaya cikin kifi. Aka yi feshi a wurin kwanansa har da tsagar bango, don wai can kaskar ke ɓuya. Ran da ya dawo bakin kasko, ƙosai mai kyau na ba shi, ba ƙonanne ba.

Yakubu, Asokore Mampong

Girman jiki ma yana da nasa. Ina da Boerboel, wani irin ƙaton kare, ina da ɗan karen gida. Babban yakan fi ƙaramin barci nesa ba kusa ba, ga minshari har baƙi kan tambaya ko wani ne kwance a gareji. Wani lokaci ƙafafunsa na rawa yana ƙananan haushi, yara su ce aljanu, alhali mafarki ne. A zafin Fabrairu da Maris kuwa duk su biyun kan siminti suke wuni.

Malam Ɗanladi, Moshie Zongo

Ni akwai inda na saba da ku kaɗan. Ba kowane barci ne na gajiyar aiki ba, wani na rashin abin yi ne. A arewa na tashi, karnukan farautarmu wuni suke a daji. Nan kuwa mutum ya ɗaure kare da sarƙa taku uku, ko ya kulle shi a keji daga asuba zuwa isha, to me zai yi in ba barci ba? Na yi wannan kuskuren da kaina. Da na fara sa yaro yana zagayawa da shi bayan la'asar, cikin mako biyu ya zama wani kare daban. Baban Hafsat, naka a sake yake ko a ɗaure?

Baban Hafsat, Aboabo

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malam Ɗanladi, a sake yake cikin gida. Hajiya, Allah ya jiƙan Alhaji.

Jiya na bi shawarar Baba Mai Gadi. Dama ƙafa ba ta barina barci, sai na jawo kujera bakin taga. Daga sha biyu zuwa kiran assalatu na ƙirga zagaye bakwai da ya yi wa gidan. Sau biyu ya tsaya daidai inda ɓarayin nan suka taɓa haurowa, ya daɗe yana sunsuna. Da safe na ɗaga leɓen, dasashi lafiya lau, ya kuma lashe kwano tas. Sai dai na ciro kaska uku a bayan kunnensa, don haka ranar Asabar zan kai shi a duba, a haɗa da allurar haukan kare da ta wuce lokaci. Na ba Maman Hafsat labarin zagaye bakwai ɗin, ba ta ce komai ba, amma na ga yau har da kan kifi a tuwonsa.