Horar da malaman yaƙi da jahilci don rugagen makiyaya: abin da kowa ya gani

Mai horar da malamai, Damagaram:

Assalamu alaikum malamai da malamai mata. An ɗora mini nauyin horar da matasan da za a tura su koyar da manya a rugagen arewacin Tanut da wajen Belbeji, kuma ina neman duk wanda ya taɓa wannan aiki ya faɗa mana abin da ya gani kafin in tsara kwanakin horon. Dalilina shi ne, a karon farko da na yi irin wannan horo, na ba malaman jadawalin da muke amfani da shi a unguwannin Birni da Zango, wato karatu bayan sallar azahar, ba tare da na tambayi yadda yini yake tafiya a bakin rijiya ba. Da rani makiyayi yana soma shayar da dabbobi tun da asuba, raƙumi ko jaki yana jan igiyar wasaki daga rijiya mai zurfi, kowane gida yana jiran layinsa, kuma sau da yawa ba a gamawa sai rana ta karkata. Ba a yi mako uku ba tabarmar karatu ta zama wayam, malaman suka dawo suna cewa mutanen ba sa son ilimi, alhali kuwa lokacin da muka zaɓa ne ya kore su.

Malama mai koyar da mata, Tanut:

Wa alaikumus salam Malam. Ni abin da ya fara ba ni wuya ba lokaci ba ne, kiran suna ne. A wurin horo an koya mana mu buɗe darasi da cewa kowace mace ta faɗi sunanta da na mijinta da na ƴaƴanta, don a sami kalmomin da za a soma rubutu da su. Ranar farko na tambayi wata baiwar Allah sunan maigidanta, sai ta ja gefen zanenta ta rufe baki, ta sunkuyar da kai tana zana ƙasa da tsinke, sauran matan kuma suka yi tsit. Washegari ba ta zo ba. Wata dattijuwa ce ta ja ni gefe ta ce, “Ƴata, a wurinmu mace ba ta kiran sunan miji ko na ɗan fari, kin sa ta kunya a gaban surukarta.” Mu ma Hausawa mun san wannan kunya, amma takardar horon ta sa na manta da abin da na sani tun daga gida. Daga nan na koma farawa da sunayen shanu, domin kowace saniya tana da sunanta, kuma babu macen da take jin nauyin faɗinsa. Don haka ina ba da shawara a raba zaman surukai, kuma a gaya wa sabon malami tun farko abin da ba a tambaya.

Tsohon malami mai ritaya, Gure:

Ɗana, ka yi daidai da ka tambaya. Tun 1963 hukuma ta kafa aikin yaƙi da jahilci a Nijar, kuma kuskuren da na fi gani a tsawon aikina shi ne malami ya ɗauki dattijo mai furfura kamar ɗan lakwal, ya tsaya a kansa da alli yana cewa a maimaita. Mutumin da yake riƙe da lissafin garke a kansa, wanda ya san wadda ta haihu da wadda aka ba shi aro har ta haifa masa ƴaƴa ya mayar, ba lissafi ya rasa ba, alamar rubuta shi ce bai sani ba.

Ka dage sosai a kan kuɗi, domin a nan ne sababbin malamai suke ruɗa mutane. Mu da dala muke ƙirga, kuma dala ɗaya faran 5 ce, saboda haka abin da aka rubuta 500 a jiki mu ɗari muke ce masa, wanda aka rubuta 100 kuma ashirin ne, 1000 jika ce. Idan malami ya rubuta 100 a allo ya ce ɗari, sannan makiyayi ya ga 500 a kan kuɗin da ya sani da ɗari, sai ya ɗauka ko malamin ne bai iya ba ko rubutun ne yake ƙarya. Na taɓa zuba kuɗi na gaske a kan tabarma, muka yi cinikin tunkiya tsakaninmu, kowa yana faɗin farashi da baki ni kuma ina rubuta lambar, har wani dattijo ya sauke amawalinsa ya ce yanzu ya gane abin da dillali yake rubutawa a kasuwar Bakin Birji. Ka sa kowane matashi ya gwada wannan darasi a gabanka kafin ka sallame shi.

Matashi ɗan makiyaya, Belbeji:

Baba ya faɗi gaskiya. Ni a ruga aka haife ni, kuma abin da iyayenmu suka fi so shi ne su iya nemo suna a wayar salula da kansu, su karanta takardar rigakafin dabbobi, su kuma san abin da aka rubuta idan an ci su tara kan ɓarnar gona. Dokar makiyaya ta 2010 ta tabbatar musu da ƴancin yawo da dabbobinsu, amma da yawansu ba su taɓa jin an karanta musu ita da harshensu ba. Sai dai ku sani, da ruwan farko ya sauka ruga za ta tashi, kuma malamin da ya zo daga gari ba ya binta. Ku horar da ƴaƴan rugar su kansu, ko da karatunsu bai yi nisa ba, ku ba su ƙaramin allo da fitila mai aiki da hasken rana, su yi karatun da dare a wurin shan shayi.

Malama mai koyar da mata, Tanut:

Ƙanena, na yarda da kai, amma batun harshe yana da sarƙaƙiya. Na soma da Fulatanci kamar yadda aka umarce mu, sai matan da suke kai nono kasuwa suka ce Hausa suke so, domin da ita ake ciniki. Abin da ya sauƙaƙa mini shi ne haruffa irin ɓ da ɗ da ƴ suna cikin harsunan biyu, don haka wadda ta iya su a ɗaya ba ta wahala a ɗayan. A wurin Abzinawa kuma na tarar da mata suna rubuta tifinag, wato rubutunsu na gargajiya, a kan yashi da yatsa, wasu maza kuma sun iya ajami daga makarantar allo, kuma malamin da ya shigo yana kiran waɗannan mutane jahilai ya riga ya rasa su.

Mai horar da malamai, Damagaram:

Allah ya saka muku da alheri. Na yanke shawarar kai matasan su kwana biyu a bakin wata rijiya kafin mu buɗe littafi, kuma zan nemi arɗo ya zaɓo mana mutum biyu daga kowace ruga, namiji da mace. Abin da ya rage mini shi ne yadda za a riƙa duba aikin malami da kai masa alawus ɗinsa da damina, lokacin da rugar ta yi nisa kuma waya ba ta shiga. Baba na Gure, a zamaninku yaya kuke samun su, a ranar kasuwa ko a mashaya?