Ceftriaxone da Ringer's lactate a kanula ɗaya: ina matsalar take?

Sabuwar_Nas:
Assalamu alaikum manya. Idan mara lafiya yana kan ƙarin ruwan Ringer's lactate, likita kuma ya rubuta ceftriaxone, allurar nan ta kashe ƙwayoyin cuta, 1g ta jijiya, ana iya tura ta a kanular da ruwan yake shiga? Wasu sun ce sam ba a yi, wasu sun ce ba komai. Sannan gwajin nan da ake yi, a tsira ɗan kaɗan a ƙarƙashin fata a jira kwata, yana da amfani kuwa?

Mai_Haɗa_Magani:
Wa alaikumus salam, Sista. Kalshiyam ne matsalar. Ringer's lactate, wanda wasu ke kira Hartmann, yana ɗauke da shi, kuma ceftriaxone in ta gamu da kalshiyam sai su dunƙule su zama ɗan tsaki-tsaki, ba lallai ido ya gan shi a cikin robar ba. An samu jarirai da suka rasu aka tarar da tsakin a huhunsu da ƙodarsu, shi ya sa FDA, hukumar kula da magunguna ta Amurka, ta yi gargaɗi a 2007, ta sassauta shi a 2009. Da masu cewa a'a da masu cewa ba komai, kowa rabin magana ya riƙe.

Jaririn da bai wuce kwana 28 ba, in yana karɓar ruwa mai kalshiyam ko ana sa ran zai karɓa, ba a ba shi ceftriaxone, ko da kanula biyu gare shi. Wanda ya haura haka ana ba shi, amma bi da bi: ki rufe ruwan, ki wanke kanular da nomal salin (ruwan gishirin asibiti), ki tura maganin, ki sake wankewa, sannan ki buɗe. Abin da ba a yi wa kowa shi ne narka garin maganin da Ringer's, ko tsira allurar cikin ledar ruwan.

Ta jijiya, 1g ana narka ta da 10ml na ruwan allura, a tura a hankali cikin minti 5. Ki duba agogo, don hannu yakan yi sauri in layi ya yi tsawo. In 2g ce, a sa ta a 40ml na nomal salin ta sauka cikin minti 30. Ta tsoka kuwa, 1g da 3.5ml na lidocaine 1% (maganin kashe zafi), a zurfafa a ɗuwawu, kada a wuce 1g a wuri ɗaya. A nan ake yawan yin kuskure: wani kwalin yana zuwa da ruwan allura, wani da lidocaine, kwalaben kuma kusan kamarsu ɗaya. Wanda aka narka da lidocaine ba ya shiga jijiya ko da wasa, yana iya rikita bugun zuciya ko ya kawo jijjiga. A karanta jikin kwalbar kowane lokaci.

Wanda aka riga aka narka yana kai awa 6 in zafin ɗaki bai wuce digiri 25 ba, awa 24 a firji. Zafinmu na Afrilu ya wuce nan nesa, gara a haɗa a yi nan take.

Likitar_Yara:
Malam ya gama da batun ruwa. Ni ƙari zan yi kan jarirai. Mai shawara da bakwaini ba a ba su, ko babu ƙarin ruwa. Ceftriaxone tana ture sinadarin shawarar daga furotin ɗin da yake riƙe da shi a jini, sai ya samu hanyar shiga ƙwaƙwalwa, lahanin kuma ba ya gyaruwa. Ga su akwai cefotaxime, ko ampicillin da gentamicin. Yaran da suka tasa, 50 zuwa 80mg ne kan kowane kilo sau ɗaya a rana, sanƙarau kuma 100mg kan kilo, kada a haura 4g. A auna yaro a sikeli, ban da kintace.

Gwajin fata kuwa, ƙanwata, ba abin dogaro ba ne. Fatar tana iya yin shiru mutum ya faɗi bayan cikakkiyar allura, tana kuma iya yin ja don zafin maganin kawai. Tambaya ta fi shi: ya taɓa kumburin fuska, ko borin jini, ko sarƙewar numfashi bayan penicillin ko wani ɗan'uwan ceftriaxone? In ya taɓa yin mai tsanani, a koma wa likita. Kuma adrenaline, allurar ceto in jiki ya yi mummunan bori, ta kasance a kan tire kafin a huda kwalba: babba 0.5ml na 1:1000 a tsokar gefen cinya, yaro 0.01mg kan kilo, a maimaita bayan minti 5 in bai farfaɗo ba.

Ki sa ido sosai a kan masu sikila. Jefi-jefi maganin yana farfasa musu jini. In yaro ya yi fari fat jim kaɗan bayan allura, yana kukan baya, fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi, a dakatar, a duba PCV, wato yawan jininsa, da gaggawa, a rubuta a fayil ɗinsa cewa kada a sake ba shi.

Ɗan_Lab:
In da hali a ɗibi jinin kalca, wato gwajin gano ƙwayar cuta, kafin allurar farko, don bayanta ƙwayar cutar takan ƙi fitowa. Gwajin taifot na Widal kaɗai ba hujja ba ne ta ɗora mutum a kan ceftriaxone, balle guda ɗaya ko biyun da ake tsirawa a kemis da sunan taifot. A Pakistan tun 2016 suke fama da taifot ɗin da ba ta jin wannan allura. Ita kanta ceftriaxone ba ta kama ƙwayoyin cuta irin su Pseudomonas, Enterococcus, Listeria ko MRSA, don haka in an kwana biyu zuwa uku zazzaɓi bai sauka ba, a sake duba mara lafiyar kafin a ce a ƙara yawan magani.

Sabuwar_Nas:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Wankewar kanular, mil nawa?

Mai_Haɗa_Magani:
Ga babba 5 zuwa 10ml kafin, haka ma bayan. In ta robar ƙarin ruwan za ki bi, ragowar Ringer's yana kwance a cikinta, don haka ki cire robar ki tura kai tsaye a bakin kanular.