Kakin mota da silant: wanne ake fara shafawa?

Mai_Baƙar_Mota ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar fenti.

Motata baƙa ce, ƙirar 2012. Ba ni da gareji, a waje take kwana, wurin aiki kuma ƙarƙashin bishiya nake ajiye ta, tsuntsaye sun mai da rufinta masai. Wata biyu da suka wuce na sayi gwangwanin kakin mota, irin mai karnauba. Ranar Asabar da hantsi na wanke ta, na lafta mata shi da kauri, don a tunanina yawansa shi ne amfaninsa. Kafin in zagayo ya bushe ƙamas a rufi, sai da na haɗa gumi kafin ya gogu, kafaɗata ta kwana biyu tana ciwo. Amma fa ta yi kyau, har maƙwabcina ya tambaya ko sabon fenti na yi.

Sati uku kacal komai ya koma gidan jiya. Ruwan da yake tsayawa ƙwaya-ƙwaya a jikinta ya koma shimfiɗewa. Ribar da na ci kawai farin tabo ne a baƙar robar gefen ƙofofi, ya ƙi fita.

Yanzu wani abokin aikina ya ba ni rabin kwalbar silant, wani maganin kare fenti da ake shafawa kamar kaki, ya ce ya fi kaki daɗewa. To mene ne bambancinsu? In zan haɗa su, wanne ne a ƙasa? Sannan bonet ɗina kwana 20 ke nan da sake masa fenti, shi ma in shafa masa?

Tsohon_Direba ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, kafin mu je ga tambayarka, da me kake wanke motar? Ina da yaƙinin garin sabulun wanki ne ko ruwan sabulun wanke-wanke. An yi su ne don su narkar da maiƙo, shi kuwa kaki ɗan'uwan maiƙo ne. Wanki biyu ko uku ya isa su kwashe wahalar da ka sha. Ka nemi sabulun da aka yi don mota.

Karnauba daga ganyen wata bishiya dangin giginya ake samunsa, a arewa maso gabashin Birazil. Asalinsa tauri gare shi, sai zafi ya haura digiri 80 yake narkewa, shi ya sa ake cuɗa shi da mayuka kafin ya shafu. Zama yake yi a saman fenti kawai, rana da wanki suna cinsa. A motar da take kwana a waje, in ya yi wata biyu ya yi ƙoƙari, baƙar mota kuma ta fi kowacce ɗaukar zafi. Shi silant haɗin masana'anta ne, kama jikin fentin yake yi, yakan kai wata huɗu zuwa shida in an shafa shi yadda ya dace.

Wannan kamun shi ne amsar tambayarka ta biyu. Silant ne a ƙasa, kaki a sama. In ka ɗora silant a kan kaki, ka yi gini a kan yashi, ba zai sami fentin da zai riƙe ba, da tsohon kakin zai tafi. Ka shafa silant, ka goge, ka bar motar ta kwana ba ruwa ba raɓa, awa 12 zuwa 24 gwargwadon abin da aka rubuta a kwalbar, sannan ka bi da kaki in kana so. Na ce in kana so, don kariyar silant ɗin ya riga ya bayar. Kakin ƙarin sheƙi ne, baƙin fenti yakan yi wani zurfi kamar jiƙaƙƙe. Ni ina yi don idona yana so, ba don dole ba.

Inda mutane suke faɗuwa shi ne shiri. Bayan ka wanke ta ta bushe, sa hannunka cikin siririyar leda ka shafa rufin a hankali. Abin da tafin hannunka ya ce sumul ne, za ka ji shi gurtsi-gurtsi kamar an barbaɗa yashi. Ƙurar birki ce da kwalta da danƙon bishiya suka nutse, wanki ba ya cire su. Akwai wata laka mai kama da danƙo da ake sayarwa don wannan aiki, ana ce mata kile. Ka fesa ruwan sabulu wurin ya yi santsi, ka bi da ita gaba da baya ba dannawa, ka riƙa ninke ta in ta yi datti. Ranar da na fara gwadawa a motar da na rantse fes take, lakar fara ce, kafin in gama rabin but ta koma ruwan ƙasa. In ta faɗi ƙasa, yar da ita, kada ka yi mata rowa, tsakuwa guda da ta ɗauka za ta zane maka ƙofa. Daga nan ka goge jikin da sifirit ɗin goge-goge da ake ce wa IPA, wanda aka sirka da ruwa, don ragowar tsohon kakin ta fita.

Sai shafawar: a inuwa, jikin motar da sanyi, ƙofa ɗaya ka gama kafin ka taɓa ta biyu. Siriri sosai, har sai ka karkata kai kafin ka gan shi. Duk abin da ya wuce haka a tsumma zai ƙare.

Oga_Mai_Fenti ya amsa:

Baba Tsohon Direba ya gama magana, bonet ɗin kawai zan taɓa tunda sana'ata ce.

Ɗan'uwa, kada ka sa masa komai tukuna. Fentin kamfani a tanda ake gasa shi da zafi mai yawa kafin a ɗaura roba da wayoyi, yana fitowa ya bushe sarai har ciki. Namu na gyara ba ya samun wannan zafin, sama ta bushe amma tina, ruwan da ake sirka fenti da shi, tana ci gaba da fita daga ciki sati da sati. Kamfanonin fenti sukan ce a jira kwana 30 zuwa 90 kafin a rufe shi da kaki ko silant. Ka koma wajen wanda ya fesa maka ka tambaye shi irin fentin da ya yi amfani da shi. Ni wata biyu nake ce wa masu kawo min aiki. Kafin nan ruwa da sabulun mota da tsumma mai laushi.

Abu na biyu, kada a ruɗe ka da folish. Kaki da silant ƙari suke yi, folish ragi yake yi, kankare saman fentin yake don zane ya ɓace. Kiliya, wato fenti marar kala da ake fesawa a kan kalar mota, kaurinta wajen maikuron 40 zuwa 50 ne, kusan rabin kaurin takardar rubutu. Ita ce take tare rana. Na sha ganin motar da aka bi da inji duk wata don ƙyalli, shekara biyu rufin ya fara saɓa kamar fatar maciji. In ta kai nan ba kakin da zai yi magani, sai fesawa.

Ba_Ruwana ya amsa:

Ni dai ban ga abin wahalar da kai ba. Shekara tara ina da mota ban taɓa shafa mata komai ba, kuma tana kai ni inda za ni. Tawa ruwan toka ce dai, na yarda baƙa ba ta rufa wa mai ita asiri.

Mai_Baƙar_Mota ya sake rubutawa:

Baba, ka kama ni, garin sabulu ne, da soso guda tun daga taya har rufi. Na yi gwajin ledar jiya da yamma, wallahi kamar na shafa bangon da ba a yi wa filasta ba. Oga na gode, bonet zai jira. Saura farin tabon roba, da kuma kashin tsuntsu: in na sa silant na huta da shi ke nan?

Tsohon_Direba ya amsa:

Ba ka huta ba, lokaci kawai ya saya maka. Kashin tsuntsu yana da asid, in rana ta gasa shi a kan fenti yana barin shaida ko da silant. Ka ajiye kwalbar ruwa da tsumma mai laushi a but. Ka jiƙa tsumman ka ɗora a kai minti biyu ya yi laushi, sannan ka ɗauke, kada ka dirje, akwai tsakuwa a ciki.

Tabon kuwa, samo abin goge fensir na 'yan makaranta ka murza a kai, ko tsohon buroshin haƙori da ruwan sabulu. Wannan karon ka liƙa tef ɗin masu fenti a kan robar kafin ka fara. Soson taya kuma a raba shi da na jiki, bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraye soso.