Maraya nake riƙo, ta yaya zan bar masa wani abu a wasiyya?

Maman Sadiƙ:
Assalamu alaikum. Yayana ya rasu bara. Yana kwance ya sha faɗa mana cewa filinsa na ƙanwar matarsa ne, wadda ta yi jinyarsa wata takwas. Bai rubuta ba. Ranar rabon gado kowa ya tuna maganar yadda ta yi masa daɗi. Yarinyar na zaune a bakin ƙofa, ba ta ce uffan ba, ta tashi hannu rabbana. Har yau abin na ci mini rai.

Ni kuma akwai marayan da nake riƙo tun yana wata 7, yanzu shekararsa 12, kuma ba ya cikin magadana. Me zan yi don kada kotu ta yi watsi da wasiyyata?

Baban Hajara:
Allah ya jiƙansa. 'Yar'uwa, ki rubuta yanzu da lafiyarki da hankalinki, don wasiyyar gadon asibiti ita aka fi musu a kai. Ƙasashe da yawa sun gaji tsarin dokar wasiyya ta Ingila ta 1837: a rubuta, ki sa hannu a gaban shaidu biyu a zama ɗaya, su ma su sa hannu kina gani. Inda mutane suke faɗuwa shi ne zaɓen shaida. Wanda kika yi wa kyauta a ciki, ko matarsa ko mijinta, kada ya zama shaida, in ba haka ba kyautar ta faɗi. Ki sa kwanan wata, cikakken sunan yaron, da bayanin kadarar dalla-dalla. Tunda yaro ne, ki naɗa wasiyyi amintacce da zai riƙe masa har ya girma. Sannan lauyan inda kike ya duba, dokoki sun bambanta.

Malam Na-Allah:
Idan Musulma ce ke, Hajiya, iyakarki sulusin dukiya bayan an biya bashi, kamar yadda Annabi (SAW) ya iyakance wa Sa'ad bin Abi Waƙƙas. Kuma ba a yi wa magaji wasiyya sai da yardar sauran magada. Yaronki ba magaji ba ne, irinsa aka buɗe wa wannan ƙofa. Ki haɗa da basussukan da ake binki da waɗanda kike bi.

Maman Sadiƙ:
Na gode ƙwarai. Wallahi ƙanwata ce na yi niyyar in sa ta zama shaida, alhali na bar wa mijinta keken ɗinkina. Zan nemi wasu.