Yaro ya isa Italiya shi kaɗai, gida na jiran aike: me ya kamata?

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Yaro ɗan shekara 16 ya bi ta Agadas da Libiya ya sauka Italiya, an sa shi gidan kula da yara. Iyaye sun matsa ya turo kuɗi, shi kuma ya daina ɗaga waya. Ina mafita?

Malam Ɗan Tawa: Wa'alaikumus salam. Abu na farko, kada ya bar gidan nan. Dokar Italiya mai lamba 47 ta 2017 ta hana mayar da yaro irinsa daga iyaka, ana ba shi takardar zama ta ƙarancin shekaru, kotun yara kuma ta naɗa masa waliyyi. Kuɗin kashewar da ake ba shi 'yan yuro ne kaɗan, ba abin aike ba. Matsin gida ke sa yara gudu zuwa gonakin tumatir na Fojiya, a kudancin Italiya, aikin bayan fage. Ranar da ya cika 18 ba makaranta, ba shaidar zama, ya rasa hujjar sauya takardar zamansa ta yara zuwa ta manya.

Hajiyar Zongo: Malam ya yi gaskiya. Shirun nan kunya ce, ba raini ba. An sayar da gona ko an ci bashi don tafiyarsa, ga abin da ya gani a Libiya da ba zai iya faɗa wa mahaifiyarsa ba. A sa rana ɗaya a mako ta waya, kuma a cire maganar kuɗi daga bakin uwa, kawu ɗaya ya riƙe maganar. A tambaye shi barci da abinci da karatu. Rashin barci da firgita da dare alamun damuwa ne, ya gaya wa ma'aikatan gidan su haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa.

Malam Ɗan Tawa: Hajiya, in ƙara: taimakon da gida zai yi shi ne takardar haihuwa. A aika da wuri, don da ita ake neman fasfo, shi kuwa fasfo na cin watanni kuma ana nemansa wajen sauya takarda. Sunan da ranar haihuwa su dace da abin da ya faɗa ranar saukarsa. Kafin ya cika 18, waliyyinsa ya roƙi kotu ta tsawaita kulawa, doka ta yarda har shekara 21.

Baban Iro: Wanda ɗansa ya ɓace gaba ɗaya ya je ofishin Red Cross mafi kusa. Suna neman dangi kyauta.