Hasken da na gani a wazifa

Ɗan Gangare:
Salamu alaikum, iyayena a cikin tafiya,
Ga ɗanku ya durƙusa, ya zo da tambaya.
Tun da na karɓi lazimi, wuridin Tijjaniyya, safe da yamma ban tsaya,
Istigfari 100, salati 100, hailala 100 nake biya.
Daren jiya a wazifa haske ya cika mini zuciya,
Sanyin Jos bai taɓa ni ba, na manta ina duniya.
Baba Malam, ko wannan ne fana'i, mantuwa da kai cikin ambaton Allah, na masu tarbiyya?

Malam na Dilimi:
Wa alaikassalam ɗana, ka fara da godiya,
Amma kar ka yi saurin cewa ka kai ƙarshen hanya.
Kakanninmu a Filato sun wanke kuza a ƙwarya,
Yashi mai haske ruwa ke kwashe shi gaba ɗaya,
Kuza baƙa ce mai nauyi, a ƙasa take tsaya.
Abin da ya rage bayan zikiri, shi za ka duba da safiya.
Rai iri uku ne a Alƙur'ani: Ammara tana Suratu Yusuf, mai tura bawa ga ɓarna da ƙarya,
Lawwama tana Ƙiyama, mai zargin kanta ba gajiya,
Muɗma'inna tana Fajri, ita aka ce wa ta komo da yarda da lafiya.
A cikin ukun nan, ɗana, wacce ke riƙe da kai tun jiya?

Hajiya ta Rikkos:
Malam ya yi ta sama, ni ta cikin gida zan taya.
Ɗana, in matarka ta ɓata maka rai, harshenka yana tsaya?
Mudunka a kasuwa cikakke ne in talaka ya zo saya?
Na fi jin tsoron haske in ya zo yana jan fariya,
Don mai zikiri ma Shaiɗan kan shigo masa ta ƙofar riya.

Ɗan Anguwan Rogo:
Ku ba ni dama, ni ba ɗan ɗariƙa ba ne, gaskiya,
A Izala na tashi, wadda aka kafa nan Jos a 1978, ba ɓuya.
Binciken kai kafin barci, wannan na yarda da shi, Hajiya,
Amma haske da mafarki ba hujja ba ne, ko ɗaya,
Sai an auna da Littafi da Sunna, shi ne kariya.

Malam na Dilimi:
Madalla ƙanena, ba ka kauce wa Tijjaniyya,
Shehu Tijjani da kansa ya ce a auna zancensa da shari'a, in ya saɓa a juya baya.
Faila, kwararowar falalar Allah, ta bayyana a Kaulaha ta Senegal a 1929, ta iso mana Najeriya,
Shehu Ibrahim Inyass ya buɗe ƙofar sanin Allah ga mai niyya,
Amma da izini ake shiga, muƙaddami na riƙe da kai a hanya.
Ɗana, abin da ka gani ka kai wa wanda ya ba ka wuridi, shi ɗaya,
Kar ka baza shi a majalisar shayi, ya zama abin hira da dariya.
Ranar Juma'a bayan La'asar ka same ni a zawiya,
In an shafa hailala mu zauna, ka amsa mini tambayoyin Hajiya.