Wa ya taɓa hutu a jirgin ruwa da iyali? Ɗaki da abinci ya suke?

Maman Ukku, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum. Dan Allah wanda ya taɓa shiga manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa ya taimaka min. Maigida ne ya ce hutun Disamba za mu shiga wanda ke tashi daga Dubai ya zaga Abu Dhabi da Doha kwana 7, mu biyu da yara ukku sai Hajiya surukata. Damuwata wurin kwana da abinci, Hajiya ƙafa na damunta kuma in ba ta ga tuwo da dare ba kamar ba ta ci komai ba.

Anti daga Daura:
Wa alaikumus salam Maman Ukku. Mun je bara. Ku shidda ɗaki ɗaya ba zai ɗauke ku ba, yawancinsu mutum 4 ne iyaka, ki ce wa maigida ya nemi ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani. Kuma dan Allah kar a sa Hajiya a na ciki wanda ba taga, shi ya fi araha amma mu da muka kama shi wallahi in an kashe wuta ba ka sanin dare ko rana, rannan na farka agogo ya nuna ƙarfe 8 asuba ta wuce mu, raina ya ɓaci sosai. Mai baranda ya fi, ta zauna ta sha iska tana jan carbi. A zaɓa mata tsakiyar jirgi kusa da lif, can ne ba a cika jin tangaɗi ba. Ki tafi da ƙaramar buta ta roba, bayin nasu zuƙa yake da ƙara har autana ya tsorata. Dutsen guga da hita ba sa bari a shiga da su.

Wani ɗan Rafindadi:
Abinci dai ba za ku ji yunwa ba, yana cikin kuɗin tikiti, bufe ne ka ɗiba da kanka, shinkafa, kifi, taliya, kayan marmari. Lemun kwalba ne ake biya daban. Maganar halal tun wajen sayen tikiti za ku faɗa, kar ku bari sai kun hau, kuma ki riƙa karanta 'yar takardar da ke gaban kowane kwano don akwai alade. Alƙibla kuma tana canzawa in jirgi na tafiya, ki duba waya kafin kowace salla.

Anti daga Daura:
Tuwo kam babu. Ni yajin kuli-kuli na ƙulla a 'yar roba, na barbaɗa wa mahaifiyata kan farar shinkafa da gasasshen kifi, ta cinye tas.

Maman Ukku:
Allah ya saka da alheri. Bari in nuna wa maigida maganar ɗakin tun bai biya ba, yajin kuma gobe zan sa a daka.